Famfon Batir ko Famfon Inji: Wanne Ya Dace da Jirgin Ruwa Mai Shan Gazuwal?

Wane famfo ya kamata ya riƙa ɗauko wa injin jirgin ruwa gazuwal daga tanki: wanda injin ke kaɗawa da kansa, ko ɗan ƙaramin nan mai aiki da batir? A kan wannan ake ta ja-in-ja a garejoji da fadodin Damagaram tun da ƙananan famfunan batir suka cika shagunan kayan gyara. Masu sayarwa suna rantsuwa cewa da ka ɗaura shi inji ya daina shan iska, ya ƙara ƙarfi, har shan mai ma ya ragu. Tsofaffin makanikai kuwa taɓe baki suke yi, su ce abin da aka ɗaura wa inji tun daga gidan ƙira ba a musanya shi da abin wasan yara.

Na san wani zai yi dariya, ya ce ina ruwan Damagaram da jirgin ruwa, garin da ruwan sha ma sai an bi ɗan ga-ruwa da lallashi. Ya yi gaskiya. Sai dai titin da ya ratsa ta nan shi ne ya bi Gure da Maine-Sorowa ya kai Diffa da bakin Tafkin Cadi, kuma ƴan garin nan nawa ne abincinsu ke can, a harkar kifin banda da tattasai, duk da koma-bayan da aka samu tun hare-haren 2015? Yawancin ƙananan kwale-kwale injin fetur na rataye suke ɗauka, irin su Yamaha, ba su cikin wannan magana. Maganar ta manyan jiragen dako ce, waɗanda ake dasa musu tsohon injin mota ko na tarakta a ciki. Kuma irin wannan injin ne a janareto, da injin niƙa, da na ban-ruwa a garaken Mirya da Gidimuni. Wanda bai taɓa shiga jirgi ba ma zai ƙaru.

Famfo biyu ne a jikin inji

Rabin gardamar daga suna take. Abubuwa biyu ake kira famfo, kuma aikinsu ba ɗaya ba.

Injin gazuwal ba shi da bujin da ke ba da tartsatsi irin na injin fetur. Iska ake matsewa a cikin silinda har ta yi zafin da in aka fesa mata gazuwal zai kama da kansa. Mai wannan aiki shi ne babban famfo, wanda makanikanmu ke kira pomp-anjeksiyo. Shi ke auna mai, shi ke sanin lokacin da za a fesa, ya tura wa nozul, wato bakin da ke fesa man cikin silinda, da matsi mai tsanani. Da bar ake auna matsi. A tsofaffin injuna matsin yakan kai tsakanin bar 120 da 250, a sababbi masu kwamfuta kuwa yana wuce bar 1,600. Don a gane girman abin, iskar tayar ƙaramar mota bar 2 ce da ɗan ɗoriya.

Ƙaramin famfo, wanda a kansa ake gardama, ɗan ga-ruwa ne kurum. Ya ɗauko gazuwal daga tanki, ya ratsa da shi ta filta, ya ajiye a ƙofar babban famfo. Matsinsa bai kai bar 1 ba, galibi wajen rabin bar ne. Ɗan ga-ruwa ba shi ke girki ba, kuma ko ya kawo ruwa jarka goma, tuwon gwargwadon garin da aka zuba zai fito. Abin da babban famfo bai buƙata ba yana bin tiyon komawa ya sake faɗawa tanki.

Don haka maganar ƙarin ƙarfi da rage shan mai ba ta da tushe. In ka ga inji ya farfaɗo bayan an sa masa famfon batir, to da ma yunwa yake ji, ƙarfinsa na asali ne ya dawo.

Akwai ma injunan da ba su da ƙaramin famfo a waje sam. Babban famfo irin ƙirar Bosch VE, wanda ke kan injunan Toyota da yawa, yana da nasa mazuƙi a ciki, abin dannawa da hannu kawai aka sa a kan filta. Manyan motocin Mercedes kuwa ƙaramin famfonsu a manne yake a gefen babban. Kafin mutum ya shiga gardamar, ya fara sanin irin injin da ke gabansa.

Yadda famfon inji ke aiki, da yadda yake cin amana

Wanda ya taɓa ganin zuga-zugin maƙera ya gama fahimtar famfon inji. A cikinsa akwai wata fata ta roba kamar marfin ƙaramar ganga. Sandar da ke buɗe bawul-bawul na inji tana da ɗan tudu, duk juyi sai tudun ya tura hannun famfo, hannun ya ja fatar ƙasa, gazuwal ya shigo ta wata ƴar ƙofa da ba ta barin komawa. Sai sifirin ya mayar da fatar sama, man ya fita ta ƙofa ta biyu. Sandar tana juyi ɗaya a duk juyi biyu na inji, wato injin da ke juyi 2,000 a minti yana buga famfonsa sau 1,000.

Hikimar tana wajen sifirin ɗin. Tun da shi ke turawa, in gaba ta cika sai fatar ta tsaya a ƙasa, hannun ya riƙa kaɗawa a banza har a sake buƙatar mai. Ba ya taɓa wuce ƙarfin da aka yanka masa. Inji ya tsaya, shi ma ya tsaya. Ba ruwansa da batir, ba ruwansa da waya, ruwa ya fantsamo masa ko a jikinsa.

Yana da ɗan hannu a gefe na turo mai da yatsa. A nan yaran gareji ke shan zagi: su yi ta dannawa hannun na lilo babu nauyi, su ce wa maigida famfo ya mutu. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau, tudun sandar ne ya tsaya daidai kansa. A juya inji juyi ɗaya, hannun zai yi nauyi.

Aibinsa babba guda ne, kuma a ɓoye yake. Fatar tana tsufa, ta bushe, ta tsage. Wasu famfunan suna da ɗan rami da ke zubo man waje ka gani. A wasu kuwa gazuwal ɗin kai tsaye yake gangarawa cikin baƙin mai. Inji yana ci gaba da aiki, shi ya sa ba a lura. Baƙin man ya tsinke ya zama kamar ruwa, ƙarfe ya fara cin ƙarfe, wata rana a ji inji ya buga. Alamar mai sauƙi ce ga mai duba sandar awo kowace safiya: inji ba ya haihuwar baƙin mai, in ka ga ya ƙaru maimakon ya ragu, shinshina. In abin ya yi yawa, inji kan fara zuƙar wannan gaurayen ta hanyar iska ya ƙone shi, ya yi ta gudu kamar mahaukaci da farin hayaƙi, ka kashe makulli ya ƙi tsayawa. Maganinsa toshe bakin shan iska da katako ko wani abu mai tauri. Ban da tafin hannu.

Famfon batir: inda ya yi fice

Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne mai ƙarar tik-tik, inda maganaɗisu ke jan ɗan fistin sifirin na mayar da shi. Kamfanin Facet na Amurka ne ya yi suna da wannan ƙira, amma akasarin abin da ke zuwa mana kwaikwayo ne, kuma ingancinsu sai wanda ya gwada. Wutar da yake ci kaɗan ce, amfiya 1 zuwa 2. Akwai kuma mai ɗan mota a ciki, wato ƙaramin injin lantarki da ke juyawa babu tsayawa.

Dattawan da ke cewa masu ƙira ba su san shi ba sun yi kuskure a nan. Injunan jirgi na Yanmar ƙirar GM da Perkins 4.108 da 4.236 da famfon inji suke zuwa, gaskiya ne. Amma Westerbeke da Universal na Amurka da famfon lantarki suke fitar da injunan jirginsu da yawa tun daga gida, kuma sun yi shekaru a teku. Bambancin shi ne su sun tsara wayoyin tun farko don haka.

Inda famfon batir ya yi wa na inji fintinkau shi ne fitar da iska. Gazuwal ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, don haka ƴar kumfa a cikin tiyo ta isa ta hana nozul buɗewa. Duk lokacin da mai ya ƙare ko aka canja filta sai an kore ta. Da famfon inji, durƙusawa za ka yi kusa da ƙarfe mai zafi, hannu ɗaya da sifana, ɗaya yana danna ɗan hannun nan sau ɗari, jirgi na tangaɗi, fasinjoji na tambayarka ko lafiya. Da na batir, ka kunna, ka sassauta ƙusa, ka jira kumfa ta ƙare, ka ɗaure. Wannan kaɗai yana ceton batir da sitata daga wahalar da ake ba su. Sannan ƙusa biyu ke riƙe shi, ko'ina ana ɗaurawa, abin da ke da amfani ga mai tsohon injin da an daina samun kayansa.

Inda yake ba da kunya

Ya fi iya turawa a kan zuƙowa. Ana so a ɗaura shi ƙasa, kusa da tanki. To ƙasan jirgi kuma nan ne matattarar ruwa da laka da ƙaiƙayin kifi. Wayoyi su yi tsatsa, mahaɗa ta yi kore, wata rana ka kunna ka ji shiru. Makaniken da ya saba da mota yakan manta cewa jirgin katako ba shi da jikin ƙarfe da zai zama mas, wato hanyar da wuta ke bi ta koma batir, dole a ja waya ta biyu har batir.

Na biyu, bai san inji ya tsaya ba. Muddin makulli na kunne aikinsa yake yi. Tiyo ya tsage, shi zubawa zai ci gaba da yi har tanki ya ƙare a cikin jirgi. Gazuwal bai kai fetur saurin kamawa ba, sai ya ɗumama zuwa wajen digiri 55 tururinsa ke kama wuta. Amma a bazarar da inuwa ma ke wuce digiri 40, cikin akwatin inji, kusa da salansa, tazarar ba ta da yawa. Gyaran wannan sananne ne: a bi da wutarsa ta makunnin matsin baƙin mai, yadda in inji ya tsaya wuta za ta yanke, a sa fis, a ƙara maɓalli daban na fitar da iska. Nawa ne ke yin haka? Abin da na fi gani shi ne waya biyu an murɗa a kan batir an naɗe da leda.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne ɗauko famfon fetur na ƙaramar mota ta zamani a wurin masu kayan kwance. Wannan bar 3 yake bayarwa ko fiye, ninki shida na abin da ake so. Yana fasa robobin filta da na babban famfo, kuma a irin babban famfon da matsin cikinsa ke tsara lokacin feshi, yana rikita lokacin. An je neman sauƙin ƴan jikkuna, an ɓata abin da ya fi komai tsada a jikin inji. A kuma duba ko na bolt 12 ne ko na 24 kafin a biya.

Ruwa ba tudu ba ne

Mota ta mutu maka a hanyar Tanut, ka tura ta gefe, ka shimfiɗa tabarma, wani zai zo wucewa. A ruwa babu gefe. Igiyar ruwa na janka, iska na juya jirgi, ga buhuna, ga mata da yara, ga dare na ƙaratowa a yankin da kowa ya san ba a son dare ya riski mutum.

Shi ya sa nake ganin hujjar dattawa ta fi nauyi a nan, ko da ba su iya faɗarta da kyau ba. Tsohon injin gazuwal mai wayar kashewa ta hannu, da ya tashi, ko ka cire batir ka jefa ruwa ba zai tsaya ba. Ranar da ka cire famfonsa ka sa na batir, ka ɗaura ransa a kan altaneta da bel da fis da kowace mahaɗar waya. Bel ya tsinke ba ka sani ba, batir ya tsiyaye a hankali, inji ya mutu a tsakiyar ruwa, kuma babu wutar tayar da shi. In injinka da ma yana da makunnin lantarki a kan babban famfo, wanda sai da wuta yake barin mai ya wuce, to ka riga ka shiga hannun batir, hujjar ta rage ƙarfi.

Sau da yawa ba famfon ne mai laifi ba

Wani kawuna da ke dako a gabas ya taɓa kawo injinsa nan garin a bayan mota, ransa a ɓace. Inji ya yi rabin awa lafiya, sai ya fara shaƙewa ya mutu. An canja masa famfon inji, bai daina ba. An sa na batir, ya yi kwana biyu ya koma. Wani dattijon makanike ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Alhaji, ina tankin?" Kawu ya ce tanki na can cikin jirgi, me za a yi da shi? Dattijon ya cika jarka da gazuwal mai tsabta, ya rataye ta sama, ya ja tiyo zuwa filta. Inji ya yi ta aiki har la'asar ko tari babu. Ya ce, "Ka ɗauko mai lafiya ka baro marar lafiya a gida."

Da aka wanke tankin, abin da ya fito baƙar laka ce mai yauƙi da ruwa. Muna da matatar SORAZ a arewacin garin nan tun 2011, mai iya tace ganga 20,000 a rana ta ɗanyen man Agadem, amma tsakanin matata da tankin jirgi akwai duro, akwai jarkar da jiya aka ɗebi ruwa da ita, akwai ƴan ruwa-ruwa na bakin titi, akwai ƙurar hunturu. Raɓa ma tana taruwa a cikin tankin da ba a cika ba. Ruwa ya fi gazuwal nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, ƙwayoyin halitta su hayayyafa a tsakaninsu su zama wannan yauƙin. A janareto dattin kwanciyarsa yake yi. A jirgi kuwa tangaɗi ke tayar da shi ya toshe filta. Famfo mai ƙarfi ba abin da zai ƙara illa ya ƙara cusa dattin.

Ruwan ya fi dattin haɗari. Babban famfo irin na Bosch VE ko Lucas CAV da gazuwal ɗin kansa yake samun santsi, ruwa ya shiga sai tsatsa da cin ƙarfe. Filta mai kwalbar raba ruwa ita ce ta fi cancantar kuɗin mutum, kuma a sa ta kafin famfo, domin famfo yana kaɗa ruwa da mai su gauraye yadda filta ba za ta iya raba su ba.

Sai iska. Tiyon da ke tsakanin tanki da famfo zuƙa ake yi a cikinsa, don haka in ya huje ba ya ɗiga, iska yake sha. Ka duba ko'ina a bushe, inji kuma na mutuwa. Sa guntun tiyo mai haske kafin filta, za ka ga kumfa na wucewa. A nan famfon batir yana da wani amfani da masu sayar da shi ba su faɗa: in yana kusa da tanki, sai layin ya koma na turawa, hujin da ke ɓoye ya fara ɗiga ka gan shi.

Haɗa biyun, da tarkon da ke ciki

Da ni ke da jirgi, famfon inji zan bari a wurinsa, in sa na batir bayan filta ta farko da makunninsa daban, a kashe. In kunna shi ranar canjin filta, ko ranar da wancan ya gaza a ruwa. Mai tik-tik galibi yana barin mai ya ratsa shi ko a kashe yake, amma a gwada kafin a ɗaura, don wasu masu mota a ciki toshe hanya suke yi.

Tarkon shi ne wannan: in fatar famfon inji ce ta tsage, ka kunna na batir a bayansa, to da hannunka kake ɗura gazuwal cikin baƙin mai, da sauri fiye da da. Dole a zare tiyo biyun daga jikin mataccen a haɗa su, man ya kewaye shi. Wanda kuma ya yanke shawarar komawa batir gaba ɗaya, ya cire tsohon, ya rufe ramin da faranti da gaskit, ya ajiye famfo na biyu a akwati, domin na batir ba ya ba da sanarwa kafin ya mutu, kuma ba a gyara shi a bakin ruwa.

Tanki a sama

Akwai hanyar da ba ta buƙatar ko ɗaya, kuma kowa ya san ta a injin niƙa: tanki a saman inji, mai ya gangaro da nauyinsa. Tsayin mita 1 na gazuwal bai kai kashi ɗaya cikin goma na bar ba, amma ya ishi ƙananan injuna masu silinda ɗaya ko biyu. Ga manya, ana iya yin ƙaramin tanki na yini a sama, a riƙa cika shi daga babban, inda kowane irin famfo zai wadatar tun da mutuwarsa ba ta kashe inji nan take. Sai a kula da abu biyu: bawul na rufe mai a gindin tankin, don in tiyo ya huje da dare zai tsiyaye ƙarƙaf, da kuma nauyi a sama a jirgi marar faɗi.

Kawu wannan ya zaɓa. Ya sa aka ƙera masa tanki mai cin lita 20 a nan Damagaram, ya mayar da famfon injinsa na asali, ya sayi filta uku da fatar famfo guda ya zuba a akwatin sifanu. Na batir ɗin yana nan a ɗaure kusa da babban tanki, aikinsa cika na saman da safe, yaron jirgi na tsaye da yatsa a kan maɓalli har ya ga mai ya kawo wuya.